Ranar da Baba Ya Kai Ni Ganin Dorina

A shekarar da aka sauya wa motoci hannun tuƙi ina koyarwa a wata makarantar firamare a Kafanchan, ina da shekara ashirin da huɗu. Ɗaki ɗaya nake haya a bayan layin dogo, inda ƙarar jirgin safe ke tashe ni. Wata rana muna darasin dabbobi, na buɗe wa yara shafin da ke da hoton dorina, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta tambaye ni ko na taɓa ganinta da idona. Na ce ban taɓa ba. Yaran suka zuba mini ido, kamar na ba su kunya.

Da aka yi dogon hutu na tafi gida, ƙauyenmu kusa da Fadan Kaje, na ba Baba labarin don mu yi dariya. Bai yi dariya ba.

Ya ce, "Ke da aka haifa inda dorina ke cin shinkafar uwarki a bayan gida, ki tsaya gaban yara ki ce ba ki taɓa gani ba?"

Baba mai bishara ne. Wurin da aka fara tura shi aiki yana saurayi wani ƙauye ne a bakin kogin Gurara, can tsakanin Kachia da Jere. Shekara goma sha biyu ya yi a can, a can ya kai Mama amarya, a can aka haife ni. Ina da shekara uku aka dawo da shi ƙasarmu, don haka ban riƙe komai na wurin ba. Ranar nan ya ce kafin hutu ya ƙare zai kai ni. Yana da aboki a can mai kwalekwale, za su shiga da ni fadama in ga abin da zan faɗa wa yarana.

Mama tana tsince acha a faranti. Ta ɗaga kai ta ce, "Da wannan gwiwar taka?"

Ya ce, "Gwiwa ba ta hana zama a kwalekwale."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta koma kan acharta. A lokacin Baba ya fara riƙe sanda, kuma duk wanda ya tambaya gwiwa ake ce masa. Ranar tafiya Mama ta ɗaura mana dafaffiyar gurjiya da rogo, ta cika gora da kunu. Ta ja ni bayan rumbu ta ce, "Kada ki saki hannunsa a hanya. Kin ji ko? Ko ya ce ki sake shi, kada ki sake." Na ce na ji, hankalina yana kan jakata. A ciki akwai littafin zane da fensir, da madubin hangen nesa da na aro wurin hedimastanmu, mai ido biyu, kowane ido da murfinsa na roba. Sai da ya sa na yi masa alkawari sau uku cewa ruwa ba zai taɓa shi ba.

Mun hau lori zuwa Kachia, muna zaune kan buhunan citta, ƙamshinta yana sa mu atishawa. Direban yakan manta ya koma tsohon hannu, sai yaran mota su buga masa ƙarfe su yi ihu. Baba ya ce ya manta tabaraunsa a gida, don haka duk allon da muka wuce ni yake sa wa in karanta masa. Na yi ta gunaguni, yaya mutum zai yi doguwar tafiya ya bar tabarau. A tashar Kachia muka zauna wurin mai shayi. Baba ya miƙa hannu zai ɗauki kofi, ya ture shi, shayin ya zube a kan farin siket ɗina. Na miƙe na ce, "Haba Baba, ka riƙa duba abin da kake yi mana!" Mutane suka juyo. Ya ce, "Yi haƙuri, Malama." Haka yake kirana tun ranar da na gama makarantar horar da malamai. Ya zaro hankicinsa yana laluben inda zai goge mini, na ture hannunsa. Har yau in na wuce tashar nan nakan kau da kai daga wurin masu shayi.

Mun kwana gidan wani malamin majami'a a bakin hanya. Washegari muka yi tafiyar ƙafa ta wajen awa biyu cikin gonakin dawa da doya, hannun Baba yana kan kafaɗata. Mutanen ƙauyen sun bar bakin kogi tuntuni, sun koma kan wani tudu mai nisa da ruwa. Muna shiga, wani gajeren mutum mai faɗin ƙirji ya yi magana daga gindin ɗorawa. Baba ya tsaya cak, ya kira shi da wani sunan wasa, suka rungume juna suna bubbuga baya. Shi ne mai kwalekwalen. Baba ya ce in kira shi Kawu, shi ya fara goya ni ya tsallake rafi da ni. Yarensa dabam da namu, don haka Hausa suke yi da Baba, irin Hausar da mace da namiji duk "shi" ne.

Kawu ya riƙe kafaɗun Baba ya tsura wa fuskarsa ido. Sannan ya dubi ƙwaurinsa, inda fatar ta yi dabbare-dabbare, fari da baƙi. Sannan ya dube ni. Sai ya kira a kawo mana ruwa.

Da sassafe muka gangara. Kwalekwalen daga gungumen maɗaci ɗaya aka sassaƙa shi, ya yi baƙi don tsufa, an toshe wata tsaga a gefensa da gwangwani da kwalta. Faɗinsa daidai ƙugun mutum. Kawu ya shimfiɗa ciyawa a ciki, ya zaunar da ni a gaba, ya kama Baba da hannu biyu ya zaunar da shi a tsakiya, ya ba shi ƙoƙon kwashe ruwa. Shi ya tsaya a baya da doguwar sandar gora, filafili yana kwance a ƙafarsa. Ya ce mini, "Malama, in kin ga abu, kada ki tashi. In kin ji tsoro, kada ki tashi. In kwalekwale ya yi rawa, bar shi ya yi rawa."

Ƙarshen damina ne, kogi ya cika ya malala cikin fadama, ba a sanin inda kogi ya ƙare inda ƙasa ta fara. Muka bar babban ruwa muka shiga wata siririyar hanya cikin ciyawa wadda ta fi mu tsayi. Kawu ya ce dorina ce ta buɗe hanyar da ƙirjinta. Ciyawar tana shafa kumatuna, ƙananan kwaɗi da gizo-gizo suna faɗowa kan cinyata. Ba ka jin komai sai shigar sanda cikin laka da fitarta. Ruwan ya yi kalar shayi marar madara, amma ina hangen ƙananan kifaye suna watsewa ƙarƙashinmu.

Can sai ciyawa ta buɗe, muka fito wani fili na ruwa wanda bado ya rufe, furanninsa farare da shuɗaye sun fara buɗewa. Wasu tsuntsaye masu dogayen yatsu suna tafiya a kan ganyen kamar a tsakar gida. Na ciro madubin na sa a ido. Ban taɓa sanin akwai irin wannan wuri a ƙasarmu ba.

Baba ya karkata kai ya ce, "Kirinjijiya. Suna hagu, suna da yawa. Yanzu za su tashi." Bai rufe baki ba suka tashi suna fito, sun fi a ƙirga. Jim kaɗan ya ce, "Gauraka ce can take kuka, biyu ne, ba sa rabuwa." Na duba, ga su kuwa a kan wani tsibirin ciyawa, da tuntunsu kamar zinariya. Ya faɗa mini dinya kafin in gan ta. Ya faɗa mini mikiyar da ke kama kifi tun tana can sama. Wani abu ya faɗa ruwa tsundum daga reshe, ya ce guza ne, kada in damu, kada ba ya hawa itace. Ina ta zane da sauri, ina alfahari da shi a zuciyata, ina cewa dattijon nan ya fi ni ido.

A kan wani busasshen reshe na ga ƙaramin tsuntsu, bayansa shuɗi shar, bakinsa ja, ya yi shiru yana kallon ruwa. Na nuna da fensir na ce, "Baba, wannan fa? Mene ne sunansa?"

Baba ya ɗaga kai. Ya juya fuska dama, ya juya hagu.

Kawu ya yi saurin cewa, "Mai kamun kifi ne. Malam ya manta sunansa, ya daɗe bai zo ba."

Baba ya ce, "Haka ne, na manta."

Muka wuce ƙarƙashin tukuruwa, inda rana ba ta shiga sosai, birai suna bin mu ta sama suna jefo ɓawo. A wani tudun yashi Kawu ya nuna mini kada, na ɗauka gungume ne sai da ya zame cikin ruwa ba ko ƙara. Muka ga gwambaza uku, manyan dangin barewa, tsaye cikin ruwa har gwiwa, suka kalle mu, suka ci gaba da kiwo. Aka fara yayyafi, na tuna alkawarina, na mayar wa madubin murafensa na cusa shi cikin rigata.

Wajen hantsi yayyafi ya ɗauke. Kawu ya ajiye sanda ya ɗauki filafili, ya zauna, alamar ruwa ya yi zurfi. Ya tura mu a hankali har gefen wani gurbi mai faɗi, ya kama ciyawa ya tsayar da kwalekwale. Ya yi raɗa, "Ga shi can. Uwa da ɗa."

Da farko ban ga komai ba sai duwatsu biyu. Sai babban dutsen ya kaɗa kunnuwa, ya fesa ruwa ta hanci. Suna kusa, ba na bukatar madubi. Uwar ta ɗago kai, ruwa yana gangarowa daga fuskarta, ɗan ya yi ta kiciniyar hawa bayanta yana zamewa. Ta wangale baki, na ga haurenta da jan cikin bakin, ta yi wani gurnani da na ji shi a katakon da nake zaune. Murna ta cika ni. Na zaro madubin, na miƙa wa Baba ta bayana ba tare da na juya ba, na ce, "Baba, karɓi, duba ɗan!"

Na ji ya karɓa. Can ya ce, "Na gan su, Malama. Kai, ɗan nan ya yi ƙiba."

Na waiwayo don in ga fuskarsa. Ya riƙe madubin da hannu biyu a idanunsa, ya fuskanci gurbin daidai, yana murmushi. Murafen roba biyun suna nan a rufe, ban cire su ba.

Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallonsa ba. Kawu ya ga na gani. Ya girgiza mini kai a hankali, yana roƙona da ido. Amma sai na yi abin da har yanzu nake neman gafara a kansa. Na buɗe littafin zanena a shafin da ban rubuta komai ba, na ɗaga shi a gaban Baba, na ce, "Baba, yaya ka ga wannan zanen?"

Ya sauke madubin. Ya juyo wajen muryata. Idanunsa suna buɗe, amma ba a kan littafin suke ba, suna wani wuri saman kafaɗata.

Ya ce, "Ya yi kyau ƙwarai. Hannunki ya faɗa."

Kuka ya ƙwace mini da ƙarfi. Uwar dorinar ta juyo, ta nitse, ruwa ya yi wata doguwar tattara yana nufo mu. Kawu ya ja mu da baya cikin ciyawa da sauri, ya yi ta tuƙi har sai da gurnaninta ya yi nisa. Baba yana ta tambaya, "Me ya faru? Malama, me ya same ki?" Ni dai kuka kawai nake yi.

Kawu ya kai mu tsohon ƙauyen, inda kogi ke gudu kan duwatsu yana kumfa. Kufai ne, ciyawa ta cinye shi. Muna sauka wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje suka yanyame ƙafafunmu, cizonsu yana barin ɗigon jini. Kawu ya karya reshe ya ba ni in riƙa kora, ya ce zai je ya duba gurarsa ta kifi. Ya bar mu gindin wani ƙaton mangwaro.

Na ce, "Baba, shafin babu komai a ciki."

Ya zauna kan saiwa, ya ɗora sanda a cinyarsa. Ya ce, "To."

"Tun yaushe?"

"Na hagu ya mutu shekara uku ke nan. Na dama yana nan, kamar mutum yana leƙe ta ramin kara. Da shi nake lallaɓawa. Da ruwan bana ya sauka shi ma ya cika da hayaƙi. Ina sanin rana, ina sanin inuwar mutum in ya matso. Shi ke nan."

"Karatun sujada fa? Ran Lahadi na gan ka ka buɗe littafi kana karantawa."

"Uwarki ke karanta mini ran Asabar. Kin san karatunta, na zumuntar matan majami'a ne, kalma ɗaya-ɗaya. Ta yi ta maimaitawa har in riƙe. Ta sa mini tsinke a shafin."

Na tambaye shi me ya sa suka ɓoye mini, ni da nake 'yarsu ta fari. Ya ce saboda takardar Zariya. A farkon shekarar an ba ni gurbi a babbar kwalejin malamai ta can, zan fara bayan Kirsimeti. Ya ce ya san halina, in na sani ba zan tafi ba, zan kwaso kayana in dawo ƙauye in zauna ina ja masa sanda. Sun shirya da Mama sai na tafi sannan su rubuto mini.

Na ce, "To me ya kawo ka nan, tunda ba za ka ga komai ba?"

Ya ce, "Na yi ta addu'a. Na ce wa Ubangiji, a nan na fara yi maka aiki, a nan kuma na ɗauki ciwon nan. Ko in na dawo ka buɗe mini na yini ɗaya. Wauta ce ta tsufa. Da kika ba ni abin nan na sa a ido, sai na ga duhu ƙirin. Ko hayaƙin babu. Na ce shi ke nan, yau ya ƙare gaba ɗaya, a gaban yarinyar nan."

Na ce masa ba idonsa ba ne, murafe ne ban cire ba. Sai ya fashe da dariya, ya yi ta yi har hawaye suka zubo masa, ni ma ina dariya ina kuka. Da ya natsa ya ce, "Cire, ba ni in gwada." Na cire na ba shi. Na juya shi ya fuskanci kogi. Ya daɗe yana murɗa abin, yana sauya ido. Sannan ya miƙo mini.

Ya ce, "Haske dai. Babu komai a cikinsa."

Ya ce in kai shi majami'ar da ya gina. Ya ba ni kwatance daga gindin mangwaron, taku arba'in wajen gabas, kuma daidai ne. Ya ce in faɗa masa abin da ya rage, kada in ƙara kada in rage. Na faɗa masa. Jinka babu. Bango biyu sun faɗi, ɗaya ya tsaya har kafaɗa, gara ta gina a kusurwa. Wani ɓaure ya tsiro a inda bagade yake. Kujerun laka guda huɗu suna nan. Ya laluba ya sami ɗaya ya zauna. Ya riƙa faɗin waɗanda suke zama a kowane layi, wane a nan, matar wane a can, da wanda ya fara makancewa, da wanda ya biyo shi. Ya ce a lokacin ba su san ƙudan nan ne ba. Wasu suka ce ruwan ne, wasu suka ce fushin kakanni ne don an karɓi sabuwar hanya, shi kuwa yana ta yi musu wa'azin haƙuri. Ya ce, "Na yi ta gaya musu haƙuri da ido biyu a kaina. Yanzu ne zan san ko na san abin da nake faɗa."

Kawu ya dawo da tarwaɗa uku a igiya. Ya dube mu ya gane an yi maganar. Ya ce wa Baba, "Malam, tun jiya na sani. Matata haka ya fara." Ya ce ita shekararta takwas ba ta gani, shi ya sa ban gan ta ta fito gaishe mu ba. Sai a lokacin na lura da nasa idanun, jajaye, yana yawan murza su da bayan hannu.

Muka koma ta wata hanyar dabam, don Kawu ba ya so mu sake bi ta gurbin. Rana ta karkata, bado ya rurrufe. Ban sake buɗe littafin zane ba. Baba bai ƙara kiran sunan tsuntsu ba, yana dai kwashe ruwa da ƙoƙo a hankali, ko da babu abin kwashewa. Wani wuri ya tsoma hannu cikin ruwan, ya bar shi yana ja, ya kamo ganyen bado ya shanshana ya sake shi. Da muka iso gaci bai jira Kawu ba, ya miƙa hannu ya ce, "Malama, kama ni. Gwiwata lafiyarta lau."

Da muka isa gida Mama tana bakin ƙofa. Ta dubi yadda nake riƙe da shi, ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da zane.

Kafin hutu ya ƙare na kai shi asibitin ido a Kano, a jirgin ƙasa. Likitan ya haska idanun, ya taɓa wasu kumbure-kumbure a ƙugunsa, ya ce tsutsa ce ƙudan ke sa wa mutum, ta shekara da shekaru a jikinsa, ta riga ta kashe jijiyar gani. Na tambaye shi da mun zo da wuri fa. Ya ce wataƙila da an ceci na dama. Baba bai ji Turancin ba, ya tambaye ni me aka ce, na ce an ce ba a san abin yi ba. Aka ba shi ƙwayoyi waɗanda suka sa shi ƙaiƙayi har ya riƙa susa da dutse, jikinsa ya kumbura, bayan mako biyu ya ce a bar shi haka.

Lahadin da ya biyo baya ya tsaya gaban jama'a, ya rufe littafinsa, ya faɗa musu da bakinsa. Ya roƙi gafara don ya daɗe yana yin kamar yana karatu. Mata suka yi ta kuka. Dattawan ikilisiya suka ce ya ci gaba da wa'azi, wani ya riƙa yi masa karatu. Haka aka yi na ɗan lokaci, daga baya aka aiko wani sabon mai bishara, Baba ya koma kujerar gaba yana sauraro.

Ni kuwa na ce ba zan je Zariya ba. A kan wannan muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Ya ce in ban tafi ba, kada in ƙara kama masa hannu. Na ɗauka wasa ne. Kwana tara in na miƙa hannu sai ya janye nasa, ya gwammace ya yi karo da turmi. A rana ta goma na gan shi ya faɗi a bakin rijiya ya fasa leɓe, na ruga, ya ce in tsaya inda nake. Na tsaya ina kallo ya tashi da kansa. Da yamma na je na durƙusa na ce zan tafi.

Bayan Kirsimeti shi da Mama suka rako ni tashar jirgi a Kafanchan. Ya sa kwat ɗinsa na Lahadi. Ya ɗora hannu a kaina ya yi addu'a cikin yarenmu, masu talla suna ture mu. Na sami wuri bakin taga. Da jirgin ya motsa ya ɗaga sandarsa yana kaɗawa, amma taragon da ke bayan nawa yake fuskanta. Na leƙo na yi ta kira, "Baba! Baba, ga ni nan!" Ƙarar injin ta shanye muryata. Na ga Mama ta kama kafaɗunsa tana juyo shi, kafin ta gama mun sha kwana.

Shekara uku na yi a Zariya. Wasiƙunsa suna zuwa da rubutun Mama, manyan baƙaƙe masu karkata, shi yana faɗa tana rubutawa. A cikin ɗaya daga ciki ne ya gaya mini an aiko daga bakin Gurara cewa Kawu ya daina shiga ruwa, nasa idanun sun rufe. Baba ya ce in na zo hutu zan kai shi ya gaishe shi. Da na zo damina ta karya gada, hutun da ya biyo Mama ba ta da lafiya, na gaba kuma aka ce Kawu ya rasu. Baba ya rayu shekara shida bayan haka. Ya koyi tufka igiya da saƙar tabarma, yana yi gindin rumbu, in mutum ya shigo gidan ya gane shi da takunsa. Ina makaranta a cikin aji aka zo aka kira ni, ranar wata Talata, aka ce in zo gida da sauri. Kafin lori ta kai ni an riga an rufe masa fuska.